DARASI: KOYON KARE KAI DAGA NAUSHI BA TARE DA CUTAR DA ƊAN'UWA BA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya ba shi jiki a matsayin amana, Ya sanya hankali ya zama abin da ake ɗora wa bawa hukunci da shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da wani dattijo ya kawo mana bayan sallar La'asar. Ɗansa, saurayi mai shekara 17, ya shiga wani wurin koyon dambe a unguwarsu. Mai koyar da su yakan tsayar da yaro ya jingina da bango, ya sa wani wanda ya fi shi girma da ƙarfi ya yi ta kai masa naushi iya ƙarfinsa, shi kuwa ba a yarda ya rama ba, kuma ba shi da wurin ja da baya, sai dai ya yi ta tarewa. Wai ta haka ne kai yake sabawa da duka, tsoro ya fita daga zuciya. Yaron ya dawo gida da ciwon kai, ya kwana uku yana fama da shi, har ya yi amai sau ɗaya. Dattijon ya ce mana: "Malam, ni ba na son in tashi ɗana rago, kuma zaman da yake yi a can ya raba shi da abokan banza. Amma ina jin tsoron Allah game da kan yaron nan. Shin wannan horo ya halatta? In cire shi ne, ko in bar shi?"

Mun ga tambayar ta fi ƙarfin amsa ta tsaye a bakin masallaci, domin ba shi kaɗai take damu ba. Saboda haka muka koma ga littattafan malamanmu, muka haɗa da abin da likitoci suka tabbatar, da abin da masu koyar da wannan fanni na ƙwarai suke aiki da shi.

DAMAGARAM DA SHA'ANIN ƘARFI

Ba yau ƙasar nan ta fara girmama jarumtaka ba. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a shekarar 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa aka ƙera igwa a cikin garin nan, kuma dawakin Damagaram sun yi suna daga Barno har ƙasar Kano. To amma mu lura da abu guda. Barden wancan zamani ba ya miƙa kansa a sara masa takobi don kan ya saba. Kwalkwali yake sawa, ya sa sulke, ya lulluɓe dokinsa da lifidi, ya riƙe garkuwa. Magabatanmu sun san cewa jarumi shi ne wanda ya iya kare kansa ya dawo gida da ransa da hankalinsa.

Kokowa ita ce babbar wasan ƙasarmu. Tun shekarar 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa ake zagayawa da ita jiha jiha ana neman takobi, kuma filin kokowar Zinder yana ɗauke da sunan Langa-Langa, ɗaya daga cikin gwanayen da jihar nan ta fitar. Dambe kuwa tun asali wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ake kira mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa, ana yin turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi. Daga baya damben Turawa ya shigo, har Issaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972, lambarta ta farko ke nan a tarihi. Sai kuma 2016, lokacin da Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo lambar azurfa a wasan taikwando a birnin Riyo na Barazil, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Daga nan yara da yawa suka yi sha'awar waɗannan wasanni. Abin lura a tarihin Alfaga shi ne, mahaifinsa ya taɓa hana shi wasan bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sanadin raunin da ya samu a cikinsa. Tsoron da dattijonmu ya zo da shi ke nan, ba sabon abu ba ne, ba kuma na banza ba ne.

Kowa kuma ya san halin da wasu unguwanninmu suka shiga da ƙungiyoyin samarin da ake kira "pale", inda ake taruwa a ɗaga ƙarfe, a wani lokaci kuma abin ya kai ga faɗan gungu. Duk wanda ya tara irin waɗannan yara ya sa musu doka da lokaci, ya juya ƙarfinsu zuwa ga horo mai tsari, ya yi aikin da ya cancanci godiya. Ba mu rubuta wannan darasi don mu rufe masa wuri ba. Mun rubuta ne don gyara ya shiga inda aka yi kuskure.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Asalin motsa jiki da koyon ƙarfi halas ne, har abin so ne idan niyya ta gyaru. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da yake nuna fifikon mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni a wurin Allah, tare da cewa kowannensu akwai alheri a tare da shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin kokowar Annabi (S.A.W.) da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, kuma Annabi ya kayar da shi. Malaman tarihi sun ambaci cewa gab da yaƙin Uhudu an karɓi Rafi'u ɗan Khadij saboda iya harbinsa, aka mayar da Samura ɗan Jundub saboda ƙuruciya, sai Samura ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u, aka sa su kokowa, ya kayar da shi, aka karɓe su duka biyu. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Annabi (S.A.W.), Nana A'isha (R.A.) tana kallo daga bayansa. Kare rai da dukiya da iyali daga mai kawo hari kuwa abu ne da Shari'a ta yi izini da shi, kuma abin da ake kaiwa ga halas da shi, kamar koyo da atisaye, yana bin hukuncinsa.

To amma wannan izini yana da iyaka, kuma iyakar a fili take.

Ta farko ita ce fuska. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci wanda faɗa ya haɗa shi da wani da ya nisanci fuska. Malamai sun ce hanin ya game har da mai ladabtar da ɗansa da mai tsayar da haddi. Idan wanda ya yi laifin da ya cancanci bulala an hana a taɓa fuskarsa, ina ga yaron da bai yi laifin komai ba, ya zo ne kawai neman koyo?

Ta biyu ita ce cuta. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cutarwa da ramuwar cuta da cuta, wanda malamai suka mayar da shi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannayenmu. Annabi (S.A.W.) ya hana ko da nuna ɗan'uwa da makami, ya kuma umurci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa da ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Wanda ya tsare Musulmi daga ƙarzanewar kibiya bisa kuskure, yaya zai yarda a tsayar da shi a jikin bango ana dukan kansa da gangan?

A kan waɗannan dalilai ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 10 da ta yi a Makka cikin watan Safar 1408, daidai da Oktoba 1987, ta yanke cewa damben da ake yi a fagagen gasa haramun ne, domin an gina shi a kan kowane ɗaya daga cikin biyun ya halatta wa kansa yi wa ɗayan mummunan lahani, wanda kan kai ga makanta ko lalacewar ƙwaƙwalwa ko karaya ko mutuwa. Majalisar ta bayyana cewa yardar wanda aka daka ba ta halatta dukan. A cikin wannan hukunci ta bar ƙofa a buɗe ga kokowar da ake yi don motsa jiki, wadda ba a neman cutarwa a cikinta. Wannan batu na yarda yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ne hujjar da muke yawan ji: "Ai shi ya kawo kansa." Jikin mutum ba mallakarsa ba ne da zai bayar a lalata. Balle yaro da bai san abin da yake yarda da shi ba, yana jin kunyar a ce masa matsoraci a gaban tsararrakinsa.

Wanda yake son ya san darajar kai a Shari'a, ya buɗe babin diyya a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukan Birni da Zango tun kaka da kakanni. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Haƙori ɗaya raƙuma 5. Ido ɗaya rabin diyya. Raunin da ya tone ƙashin kai ko na fuska raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa kuwa sulusin diyya. Gushewar ji cikakkiyar diyya, gushewar hankali ma cikakkiyar diyya. Wato wanda ya yi sanadin gushewar hankalin mutum, an daidaita abin da zai biya da na wanda ya kashe shi bisa kuskure. Kuma cewa da wasa aka yi ba ya sa jini ya tafi a banza. Iyakar abin da malamanmu na Malikiyya suka yi shi ne su mayar da shi babin kuskure, a sauke ƙisasi, diyya ta tabbata.

SHIN KAI YANA SABAWA DA DUKA?

Nan ne tushen kuskuren yake, don haka za mu ɗan tsawaita.

Mai noma tafin hannunsa yana yin kanta. Mai ɗaukar kaya damtsensa yana ƙaruwa. Daga nan mutane suka ɗauka kowace gaɓa haka take, in an wahalar da ita sai ta ƙara ƙarfi. Ƙwaƙwalwa ba ta bin wannan ƙa'ida. Abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kamar curin fura a cikin ƙwaryar nono. In aka bugi ƙwaryar, ko da ba ta fashe ba, abin da ke ciki zai tafi ya bugi gefe ya dawo. Naushin da ya sami haɓa ko muƙamuƙi ya fi haɗari, domin yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta murɗe, siraran jijiyoyinta su miƙe, wasu su tsinke. Abin da ya mutu a cikinta kuwa ba ya tsirowa kamar yadda fata take haɗewa.

Saboda haka kowane naushi mai ƙarfi da ya isa kai ragi yake yi, ba ƙari ba. Su kansu 'yan dambe sun san wannan: wanda aka taɓa sumarwa sau biyu ko uku, daga baya ɗan naushi kaɗan yake kayar da shi. Tun shekarar 1928 wani likita a Amurka mai suna Harrison Martland ya yi rubutu a kan tsofaffin 'yan dambe da suke tafiya suna tangaɗi kamar masu maye, harshensu ya yi nauyi, hannu yana rawa, mantuwa ta yi yawa. Duniya ta ga Muhammad Ali, Musulmin da ba a yi ɗan dambe mai sunansa ba. Ya bar fage a 1981, aka tabbatar masa da ciwon rawar jiki a 1984, ya rayu da shi har rasuwarsa a 2016, kuma likitoci da dama sun danganta ciwon da yawan dukan da kansa ya sha. Allah Ya gafarta masa. A watan Nuwamba 1982 wani ɗan Koriya ta Kudu, Kim Duk-ku, ya faɗi a turmi na 14 a birnin Las Begas, jini ya taru a kansa, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Bayan mutuwarsa ne aka rage turamen gasar duniya daga 15 zuwa 12.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba kowane uba da kowane mai koyarwa ya sani. Na farko, ba sai mutum ya suma ba ne ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma ko kaɗan. Ganin taurari, jiri, ruɗewa, mantuwar abin da ya faru, ciwon kai, ƙin haske, duk alamunsa ne. Na biyu, jini yana iya tsiyaya a cikin kai a hankali, musamman in dukan ya sami gefen kai tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Mutum zai tashi ya kakkaɓe jiki, ya yi dariya, ya tafi gida da ƙafarsa, bayan wasu sa'o'i barci mai nauyi ya ɗauke shi, a wayi gari ana salati. Sai a ce iska ce ko jifa aka yi masa.

Wani zai ce to a sa hular kariya mana. Hula tana da amfani, tana tsare fata daga tsagewa da kunne daga kumbura, amma ba ta hana kai juyawa, kuma juyawar ce take yin ɓarna. A shekarar 2013 hukumar damben 'yan sha'awa ta duniya ta cire hular daga gasar manyan maza, haka aka yi wasannin Riyo na 2016 babu ita. Mai hula yakan saki jiki ya ɗauka ya tsira, abokinsa kuma ya ƙara ƙarfi don yana ganin ba zai ji ba.

YADDA AKE KOYON KARIYA

Kariya aikin ido ce da ƙafa kafin ta zama aikin hannu. Wanda tsoro ya kama shi rufe ido yake yi, ya sunkuyar da kai, ya juya baya. Yaron da aka jingina da bango ana narka masa naushi, abin da jikinsa yake koya ke nan, domin ba a ba shi sararin ganin komai ba. An so a cire masa tsoro, sai aka dasa masa shi.

Hanyar da ta dace tana farawa ne daga tsayuwa da tazara. A koya wa ɗalibi yadda zai raba ƙafafunsa, ya sauke haɓarsa zuwa ƙirji, ya ɗaga hannuwansa, ya san iyakar inda hannun abokinsa yake kaiwa. Naushin da bai iso ba ba ya bukatar tarewa. Taku ɗaya zuwa baya ko zuwa gefe ya fi garkuwa goma, shi ya sa bango a bayan mai koyo babban kuskure ne: an toshe masa mafi girman abin kariyarsa. Ko a damben gargajiya, duk wanda ya kalli gwanaye ya san rabin turmi a auna tazara ake yin sa, hannun garkuwa a miƙe, kowa yana karanta kafaɗar ɗan'uwansa.

Daga nan sai a haɗa su biyu biyu, a daidaita su a shekaru da nauyi. A zaɓi naushi guda ɗaya wanda kowa ya san shi ne zai zo, a kawo shi a hankali ƙwarai, da hannu a sake, ana nufin kafaɗa ko ƙirji, ba fuska ba. Ɗalibi ya ture shi, ko ya goce, ko ya ja da baya, idonsa a buɗe yana kallon ƙirjin abokinsa. A yi ta maimaitawa kwana da kwanaki har jiki ya riƙe. Sannan a ƙara sauri kaɗan. Sannan a mayar da su naushi biyu, bai san wanne zai zo ba. Abin da ake ƙarawa mataki mataki shi ne sauri da yawan zaɓi. Nauyin hannu ba ya cikin abin da ake ƙarawa, domin hannu yana iya zuwa da sauri ya taɓa ba tare da an ɗora masa nauyin jiki ba. Don koyon kare kai da fuska kuwa, a naɗe tsumma mai taushi ko a yanko dogon soso, mai koyarwa ya riƙa kawo shi ta dama da hagu da sama. In ɗalibi ya makara, sai ya ji taɓawa ya gane kuskurensa, ba abin da ya same shi.

Mai son gwada ƙarfin hannunsa ga buhun yashi nan a rataye, ga matashin da mai koyarwa yake riƙewa. Can ake sauke ƙarfi. In kuma ana son ɗalibin da ya yi nisa ya san yadda nauyin naushi yake don kada ya firgita ranar da ya gamu da shi, sai ya rungume matashi mai kauri a ƙirjinsa a daki matashin, ko ya tare naushin da aka sanar da shi a kan damatsansa, abokinsa yana sanye da babbar safar dambe mai laushi, irin wadda nauyinta ya kai wajen giram 450. Zai ji girgizar a jikinsa, ya koyi riƙe numfashi da tsayuwa, kansa kuwa yana nesa da abin. Ko a nan ma robar haƙora wajibi ce, domin kuskure yana faruwa, kuma mun ji farashin haƙori a Risala.

Mun san abin da wasu masu koyarwa za su ce: wanda bai taɓa shan naushi na gaske a fuska ba, horonsa bai cika ba. Ba za mu yi musun cewa akwai ɗan bambanci tsakanin atisaye da faɗa na gaske ba. Akwai. Amma mun auna abin da za a samu da abin da za a rasa, muka ga cinikin hasara ne. Ana tsoron wata rana ɓarawo ko ɗan iska ya daki yaro a kai, sai mu kuma mu riƙa dukansa a kai sau uku a mako da hannunmu? Abin da ake gudu ke nan aka jawo, aka ninka shi.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. A yi atisaye a kan yashi ko katifa, ba a kan siminti ba, domin faɗuwa ta ƙeya ta fi naushin kansa kisa. A cire zobe da agogo. Turmi ya zama gajere, minti 2 ya isa, a huta, domin gajiyayye hannunsa yana sauka. Mai koyarwa ya tsaya a kansu, kalmarsa ɗaya ta tsayar da kowa. Da zarar an ga fushi ya shiga a raba su, kuma a tuna musu da hadisin Bukhari da Muslim wanda ya mayar da ƙarfi na gaskiya ga mai mallakar kansa lokacin fushi, ba ga mai kayar da mutane ba. Kada a tara 'yan kallo, don zuga ita take mayar da koyo ya zama faɗa, kuma kowa ya san abin da kalangu yake sa ɗan dambe ya yi. A nisanci tsakar rana a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura ma'auni 40, mai azumi kuma ya bari sai bayan buɗa baki. Wanda ya sha tiramol ko wata ƙwaya kada a bar shi ya shiga, domin bayan haramcinta tana ɓoye zafin da Allah Ya sanya ya zama gargaɗi. A rufe al'aura daga cibiya zuwa gwiwa, a tsaya in an kira salla, babu caca, babu laya ko wani tsafi da ake cewa yana hana jin duka.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Duk wanda naushi ya sami kansa har ya ga jiri ko ya ruɗe, wasansa na ranar ya ƙare, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Dukan da ya zo a kan wanda bai warke ba shi ne mafi haɗari, musamman ga yara da samari. Dokar damben 'yan sha'awa ma tana hana wanda aka sumar komawa fage ko atisayen gwabzawa sai bayan aƙalla kwana 30. Ba ya kyautu a ce masu neman lamba sun fi mu tausayin 'ya'yanmu.

In ya faɗi ya suma, kada a ɗaga shi a girgiza, kada a ja wuyansa, kada a ɗura masa ruwa a baki kamar yadda aka saba. A tabbatar yana numfashi. In amai ya taso a juya shi gefe gaba ɗaya, wani yana riƙe da kansa daidai da jikinsa, a nemi motar da za ta kai shi asibiti a kwance. In bai suma ba, kada a bar shi ya tuƙa babur, a raka shi gida, a faɗa wa iyayensa gaskiyar abin da ya faru, wani ya kwana kusa da shi yana lura. Ɓoye wa iyaye don tsoron faɗa cin amana ne. Kada a ba shi asfirin, domin tana ƙara zubar jini. Idan aka ga ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai yana maimaituwa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko magana ta karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ruwa ko jini yana fita ta kunne, to a nufi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. A yi addu'a a kan hanya. Mutanen Mirya da Magarya da Matamaye da sauran ƙauyuka masu nisa da Zinder su fi kowa gaggawa, domin tafiyar ma tana cin lokaci.

Ga kuma mas'aloli uku da ake yawan tambaya a kansu. Haɓo ba ya warware alwala a mazhabar Malikiyya, sai dai a wanke jinin in ya yi yawa a jiki ko tufa. Suma kuwa tana warware ta, ko da ta ɗan lokaci ce. Wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya yi sallarsa a zaune, in sunkuyawa tana ƙara masa ciwo ya yi nuni.

Shi kuwa dattijon da ya kawo tambaya, mun ce masa ya kai yaron likita a ranar, kada ya jira, kuma kada ya koma atisaye sai ciwon kan ya tafi gaba ɗaya likita ya ba da izini. Mun ce masa ya tafi da kansa wurin mai koyarwar, tare da limamin unguwa in ya yiwu, su keɓe da shi ba a gaban yara ba, su yi masa bayani da lafazi mai daɗi, domin mai yiwuwa shi ma haka aka koya masa. In ya karɓa ya bar jingina yara da bango, yaron ya ci gaba. In ya ƙi, ya cire ɗansa ya mayar da shi kokowa, ya kuma sanar da sauran iyayen da 'ya'yansu suke wurin.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.